Girman Taya da Gaskiyar Malejin Mota

Kowace safiya motoci suna tashi daga Tashar Bauchi da ke cikin garin Jos, su bi ta Tilden Fulani da Magama da Nabordo, su sauka a Bauchi. Nisan wannan hanya kimanin kilomita 130 ne, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Amma da za a tsai da motoci uku waɗanda suka tashi tare suka iso tare, a duba lambobin da ke jikin malejinsu, ba abin mamaki ba ne a tarar ɗaya ta nuna kilomita 130, ɗaya ta nuna 124, ta ukun kuwa ta nuna 138. Babu direban da ya ratse, babu wanda ya yi yanke, kuma babu malejin da ya lalace. Abin da ya raba su kurum shi ne girman tayoyin da ke ƙafafun motocin.

An shirya wannan bayani domin direbobi, da masu motocin haya, da jami'an da ke kula da motocin ma'aikatu, da makanikai da masu faci, da duk wanda ke da niyyar sayen mota ta hannu. Dukansu suna dogara ga maleji wajen yanke shawarar da ta shafi kuɗi, wani lokaci ma ta shafi rai, alhali kuwa kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa canja taya yana iya mai da maleji maƙaryaci.

Abin da maleji yake ƙirgawa

An aro kalmar maleji daga Turanci tun zamanin da ake auna hanya da mil. Nijeriya ta koma awon kilomita a cikin shekarun 1970, a daidai lokacin da aka yi waɗansu manyan sauye-sauye, watau komawa tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu, 1972, da fitowar naira da kwabo a watan Janairu na 1973. Duk da haka kalmar ta zauna, kamar yadda sunan Mil Tara ya zauna a kan hanyar Kano zuwa Katsina. Maleji yana da aiki biyu. Allurarsa tana nuna gudun mota, ita ce ake nufi in an ce direba ya ƙure maleji. Lambobin da ke ƙarƙashin allurar kuwa suna tara nisan da mota ta yi tun ranar da ta fito daga masana'anta.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, maleji ba ya ganin hanya. Juyin ƙafar mota yake ƙirgawa. A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, akwai wata siririyar waya mai juyawa a cikin kube, bakinta ɗaya yana cikin akwatin giya, ɗayan yana bayan maleji. In ƙafafun mota suka juya sai wayar ta juya, ita kuma ta tura lambobi. A motocin zamani babu wannan waya. An maye gurbinta da 'yar na'ura a jikin akwatin giya ko a gindin kowace ƙafa, wadda ke aika wa kwamfutar mota labarin kowane juyi. Hanyar aika labarin ta sake, amma abin da ake ƙirgawa yana nan yadda yake.

To, yaya ƙirgen juyi yake zama kilomita? Maƙeran mota sun san tayar da suka sa mata, sun kuma san nisan da take ci in ta juya sau ɗaya. A kan wannan suka daidaita maleji, suka ce masa in ƙafa ta juya sau kaza, ka rubuta kilomita ɗaya. Tayar 504 ƙarama tana cin kusan mita biyu a kowane juyi, saboda haka in ta juya sau ɗari biyar da 'yan kai, maleji ya ƙara kilomita ɗaya. In aka cire ta aka sa wadda ta fi ta tsayi, sabuwar za ta ci fiye da mita biyu a juyi guda, ta gama kilomita tun ba ta cika juyi ɗari biyar ba. Shi kuwa maleji ba wanda ya gaya masa an yi canji, sai ya ci gaba da jiran cikar ƙirgensa, ya rubuta ƙasa da abin da aka yi. In ƙaramar taya aka sa, sai al'amarin ya juya, ya riƙa rubuta fiye da abin da aka yi.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce wani magini na Rum mai suna Bitrubiyus ya bayyana wani keken doki mai ƙafa da aka ƙera da awo na musamman, wadda in ta juya sau 400 sai tsakuwa ɗaya ta faɗa cikin akwati, alamar an yi mil ɗaya. Da yamma sai a ƙirga tsakuwoyi a san tafiyar yini. Ko a wancan zamani, da za a sa wa keken wata ƙafa dabam, da tsakuwar ta yi ƙarya.

Rubutun da ke jikin taya

A gefen kowace taya akwai lambobi da haruffa, alal misali 195/65 R15, wadda ake samu a motocin Toyota Corolla da yawa. Lamba ta farko, 195, faɗin taya ke nan da milimita. Lamba ta ƙarshe, 15, girman wilin da tayar ke hawa ke nan da inci, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke cikin robar. Lambar tsakiya, watau 65, ita ce wadda aka fi yin sakaci da ita, ita ce kuma ta fi jawo ɓarna. Tana nuna tsayin gefen taya, daga bakin wili zuwa inda roba ke taka ƙasa, amma ba da milimita ba. Ma'anarta ita ce tsayin gefen kashi 65 ne cikin ɗari na faɗin tayar. Tsofaffin tayoyi da na motocin ɗaukar kaya sau da yawa ba su da lambar tsakiya, sai a ga 175 R14 ko 195 R15 C. In haka ne, sai a ɗauka lambar kimanin 80 ce. Harafin C kuwa alama ce ta tayar da aka yi domin ɗaukar nauyi.

Direba ya kan shiga shagon taya ya ce a ba shi "sha biyar", mai shago ya mirgino masa, a ɗaura, a biya, kowa ya kama gabansa. Alhali tayoyin da ke hawa wili mai inci 15 iri-iri ne, wata ta fi wata tsayi da abin da ya kai faɗin yatsa uku.

Ga yadda ake gane tsayin taya daga ƙasa zuwa samanta. A ɗauki 195/65 R15. Kashi 65 cikin ɗari na 195 ya kama milimita 126.75, tsayin gefe ɗaya ke nan. Da yake akwai gefe a sama akwai gefe a ƙasa, sai a ninka shi biyu, a sami 253.5. Wili mai inci 15 kuwa milimita 381 ne. In aka haɗa su, tsayin tayar milimita 634.5 ne. Duk yaron da ya gama firamare yana iya wannan lissafi a bayan kwalin sigari.

Yanzu sai a gwada ta da waɗansu. Taya 205/55 R16 ta fi faɗi, wilinta ma ya fi girma, amma tsayinta milimita 632 ne, watau bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wanda ya yi wannan canji malejinsa yana nan daidai. Taya 205/70 R15 kuwa tana hawa wilin da mota ta zo da shi ba tare da wata wahala ba, amma tsayinta milimita 668 ne, ta ɗara ta asali da fiye da kashi 5 cikin ɗari. Ke nan wanda ya canja wili gaba ɗaya bai ɓata kome ba, wanda bai taɓa wili ba shi ne ya ɓata. Ido ba ya iya raba wannan gardama, sai lissafi.

Haka abin yake ga 504. Ƙaramar ta zo da 175 R14, mai tsayin milimita 635 ko kusa da haka. In aka sa mata 185 R14, irin ta doguwar 504, an ƙara kashi biyu da rabi cikin ɗari. In aka sa 195 R14, tsayin ya kai milimita 667, an ƙara kashi 5. Motar da ta nuna kilomita 124 a hanyar Bauchi irin wannan canji aka yi mata. Wadda ta nuna 138 kuwa, a ɗauka bas ce ƙirar Hiace wadda ta zo da 195 R15 C mai tsayin milimita 693, aka sa mata 195/70 R15 C mai tsayin 654. Faɗi ɗaya, wili ɗaya, harafin C ma yana nan, amma malejin ya koma yana ƙarin kusan kashi 6 cikin ɗari.

Dalilin da ya sa ake canjawa

Direbobin Filato suna da hujjarsu, kuma ba a raina ta ba. Wanda ke shiga ƙauyukan Bokkos da Mangu ɗauko dankalin Turawa, ko wanda ke kawo tumatir da kabeji kasuwar Farin Gada, ya san hanyoyin burji masu duwatsu da zaizayar damina, ga kuma tsofaffin hanyoyin da aka bari tun zamanin haƙar kuza. Motar da ta sha kaya cikinta yana gugar ƙasa, saboda haka sai a nemi doguwar taya domin a ɗaga ta. Sai dai ya kamata a san iyakar abin da ake samu. Mota tana ɗaguwa ne da rabin ƙarin tsayin taya kawai, domin ɗaya rabin yana sama, cikin madigadi. Daga 175 R14 zuwa 195 R14 ƙarin tsayi milimita 32 ne, motar kuwa ta ɗagu da milimita 16, abin da bai wuce kaurin yatsa ba. Dutsen da zai fasa tankin baƙin mai ba zai fasa aikinsa ba saboda kaurin yatsa guda.

Dalili na biyu shi ne kasuwa. A da ana yin taya a cikin ƙasar nan, kamfanin Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop yana da tasa a Ikeja. Ta farko ta rufe a 2007, ta biyu ta daina yin taya a 2008. Daga nan akasarin tayoyi sai daga waje, sababbi da na gwanjo, kuma na gwanjo ba a zaɓar musu awo, abin da aka ciro daga motocin can shi ake jibgewa a nan. Direban da tayarsa ta fashe, ya je shagunan kayan mota na Dilimi da kuɗi ƙalilan a aljihu, ga fasinja yana jira, abin da ya samu mai hawa wilinsa shi zai ɗauka.

Inda rigima take tashi

A ɗauka wani mutum yana da mota ya ba direba, tana zuwa Bauchi ta dawo kullum, watau kilomita 260. Ya saba lissafinsa, motar tana shan lita ɗaya a kowane kilomita goma, lita 26 ke nan a yini. Rannan aka sa mata tayoyi masu ƙarin kashi 5. Direba ya je ya dawo kamar kullum, ya sha lita 26 kamar kullum, amma maleji ya nuna kilomita 248 ba cikakku ba. Mai mota ya buga lissafi ya ga akwai mai fiye da lita ɗaya da ba a san inda ya shiga ba. Yau haka, gobe haka. In an yi tafiya 25 a wata, kilomita 310 sun ɓace daga maleji, lita 31 kuma ba su da bayani. Mai mota ba zai tuna da taya ba, direba zai tuna. Sai zargi ya shiga, a ce yana zuƙe mai yana sayar wa 'yan bumburutu. Shi kuwa direba ba shi da abin da zai kare kansa da shi sai rantsuwa, domin shi ma ya yarda da maleji. Ta haka mutumin kirki yake iya rasa abincinsa, a kuma ɓata masa suna a tasha, a kan laifin da roba ta yi. Rashin sani ya fi dare duhu.

In ƙaramar taya aka sa, cutar sai ta koma kan mai mota. Bas ɗin da aka ambata za ta nuna kilomita 275 a tafiyar 260, saboda haka direban da ke taɓa mai da gaske ya sami mafaka, littafi ya nuna kome daidai. A ma'aikatu da kamfanoni inda ake biyan ma'aikaci kuɗin tafiya bisa yawan kilomita, ko ake ba direba mai bisa abin da ya rubuta a littafin tafiye-tafiye, kuskuren yana shiga baitulmali kai tsaye. Motar da ta yi kilomita 20,000 na gaskiya a shekara za ta nuna kusan 21,200. Akawu zai biya kuɗin kilomita 1,200 da ba a taka ba, mai binciken kuɗi ya duba takardu ya sa hannu, domin lambobin sun yi daidai da juna. In ma'aikata tana da motoci hamsin, mai karatu ya yi lissafin da kansa.

Mai sayen mota ta hannu shi ma abin ya shafe shi, ko da yake ba sosai ba. Motar da ta yi kilomita 100,000 a kan doguwar taya za ta nuna kimanin 95,000. Wannan bai kai ɓarnar masu mai da lambobi baya da gangan ba, bai kuma kai ruɗanin motocin Amurka ba, waɗanda malejinsu da mil yake ƙirge. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, watau motar da ta nuna 100,000 ta riga ta haura kilomita 160,000. Game da juyen baƙin mai kuwa, wanda ya saba juyewa a kowane kilomita 5,000 zai kai 5,250 kafin maleji ya tuna masa. Wannan ba abin tashin hankali ba ne.

Gudu da birki

Abin tashin hankali yana wajen allura. Ita ma daga juyin ƙafa take samun labari, saboda haka kuskurenta ɗaya ne da na lambobi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci na gida kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu. Tasi da bas kuwa 50 da 80 da 90. Direban da ke kan doguwar taya yana iya duban allura ya ga yana cikin ƙa'ida alhali ya fita.

Gaskiya ne maƙeran mota su kan bar ɗan sarari. Ƙa'idar da ƙasashen Turai da waɗansu da yawa suke bi ta hana allura ta nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ta nuna sama da shi, har kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Shi ya sa sabuwar mota in allurarta tana kan 100, sau da yawa ainihin gudunta 95 ne ko 96. Doguwar taya tana cinye wannan sarari tas. Tsofaffin direbobi da yawa sun san maleji yana ƙari, sun saba ɗora kaɗan a kan abin da doka ta ce suna ganin ba kome. Irin wannan direba shi ne ya fi shiga haɗari in an canja masa taya, domin yana ciyar da rarar da ba ta nan. Kuma ƙarin gudu na kashi 5 cikin ɗari yana tsawaita nisan da birki ke bukata da kashi 10, domin nisan tsayawa yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa.

Tun ran 1 ga Fabrairu, 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Irin wadda ke karɓar labari daga ƙafa ko akwatin giya ita ma taya tana ruɗa ta. In an daidaita ta a kan 90 sa'an nan aka sa tayoyi masu ƙarin kashi 5, motar za ta yi 94 da rabi, na'urar kuwa tana ganin ta tsare amana. Lalle ne a mai da mota wurin masu daidaita na'urar duk lokacin da aka canja awon taya.

Akwai kuma wata illa da ta fi damun mutanen tudu. Garin Jos yana bisa tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, duk wanda zai bar tudun Filato gangara zai yi. Mafi suna a cikin gangarorin ita ce Hawan Kibo a kan hanyar Akwanga, inda aka sha asarar rayuka. Birki yana kama ƙafa ne daga kusa da tsakiyarta, ƙasa kuwa tana jan taya daga bakinta. In taya ta ƙara tsayi, ƙasa ta sami doguwar sandar banƙara, birki kuwa yana nan da ƙarfinsa na da. Sai direba ya ƙara danna ƙafa, birki ya ƙara zafi, zafi kuwa shi ne ke kashe birki a doguwar gangara. Haka nan giya ta biyu da aka saba saukowa da ita tana riƙe mota, yanzu riƙonta ya ragu. A wajen hawa kuma motar za ta yi nauyi, ta nemi ƙaramar giya tun da wuri, ta ƙara shan mai. Motar da aka ɗaga domin ta ɗauki buhunan dankali fiye da kima ita ce kuma aka rage wa birki.

Mafi muni shi ne haɗa tayoyi masu tsayi dabam-dabam a ƙafafu biyu masu jan mota, dama da hagu. A nan maleji zai ƙirga tsaka-tsakin su biyun, haƙoran da ke raba juyi tsakanin ƙafafun za su yi ta aiki ba hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya, mota kuma ta riƙa fizga gefe in an taka birki. A motocin zamani fitilar gargaɗi ta birki tana iya kamawa. Ya kamata a lura kuma cewa malejin da ke ɗaukar labari daga akwatin giya ƙafafun da ke jan mota kaɗai ya sani. A 504 da Hiace na baya ne, a Corolla na gaba ne.

Suɗewa da iska

Ko ba a canja awo ba, taya tana raguwa da kanta. Sabuwa tana zuwa da zane mai zurfin kimanin milimita 8, kuma in ya ragu zuwa 1.6 ta gama aiki. Abin da ya tafi sama da ƙasa ya kusa milimita 13, watau wajen kashi 2 cikin ɗari na tsayin ƙaramar taya. Suɗaɗɗiyar taya tana sa maleji ya yi ɗan ƙari, ran da aka sa sababbi kuma sai ya ragu. Iska ma tana da nata. Sanyin hunturu na Jos yana rage ƙarfin iskar taya da asuba, taya mai ƙarancin iska kuwa tana ɗan ƙara juyi. Amma a tayoyin zamani masu ɗamarar waya a ciki wannan bambanci ƙanƙane ne ga maleji. Illar ƙarancin iska tana wajen zafi da fashewa da shan mai.

Yadda za a gwada

Awon tayar da ta dace da mota yana rubuce a littafin da ta zo da shi, ko a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a bayan murfin tankin mai. A fara gwada shi da abin da ke jikin tayoyin da ke ƙafa. In sun yi daidai, shi ke nan. In sun saɓa, a yi lissafin da aka nuna a baya, a raba tsayin sabuwa da tsayin ta asali. Masu sana'ar taya sun daɗe da ƙa'idar cewa kada bambanci ya wuce kashi 3 cikin ɗari, sama ko ƙasa.

Wanda bai yarda da lissafi ba, gani ya kori ji. A sami shimfiɗaɗɗen wuri, a sa alli a jikin taya daidai inda ta taka ƙasa, a kuma sa a ƙasan. A tura mota sannu a hankali har allin ya zagayo sau goma, a sake sa alama, a auna tsakanin alamomin biyu da tef. Ga taya 175 R14 za a sami mita 19 da 'yan kai, ba 20 cif ba, domin nauyin mota yana ɗan danne ta. In an yi wannan kafin a cire tsohuwa, aka sake yi bayan an ɗaura sabuwa, bambancin zai fito a fili kowa ya gani, har da mai mota da direbansa.

Hanya ta uku ita ce gwaji a kan titi. Wayoyin hannu na zamani suna auna nisa da gudu ta hanyar tauraron ɗan'adam, ba ruwansu da taya. A mai da ƙaramin ƙirgen maleji sifiri, fasinja ya riƙe waya, ba direba ba, a yi tafiyar da ba ta gaza kilomita ashirin ba a miƙaƙƙiyar hanya, sa'an nan a gwada lambobin biyu. Kada a yi wannan gwaji a hanya mai kwane-kwane a tsakanin duwatsu, domin a nan wayar ma ta kan yi yanke a lissafinta. Inda turakun kilomita suke nan a gefen titi ba a tumɓuke su ba, su ma sun isa.

In gwaji ya nuna kuskure, mafi sauƙin gyara shi ne komawa ga awon asali ran da za a sake sayen taya. In akwai dalilin da ya tilasta zama a kan sabon awo, a tsofaffin motoci makanike yana iya canja ɗan ƙaramin haƙorin da ke juya wayar maleji a bakin akwatin giya, in an sami wanda ya dace. Waɗansu motocin zamani kuwa ana iya shigar wa kwamfutarsu sabon awo. In duk wannan bai samu ba, sai a rubuta bambancin a manna kusa da sitiyari, alal misali "allura 80, gudu 84". Jami'in da ke kula da motocin ma'aikata kuwa, duk ranar da aka canja taya ya rubuta a littafin motar kwanan wata, da lambar da maleji ya nuna, da awon tayar da aka cire da na wadda aka sa, kafin ya sa hannu a takardar mai ta gaba.